Akwatin Askin Matafiya na Da: Gillette, Rolls ko Battar Jamus, Wanne Za Ka Fara Saya?

Wanda ya fara sha'awar tara akwatunan askin matafiya na da, akwatin ne ke fara jan idonsa: ƙyallin ƙarfe, karan-miskin da aka shimfiɗa a ciki, ɗan madubin da ke maƙale a murfi. Ni ma ta nan na shigo, kuma ta nan na yi asarar kuɗina na farko. Shi ya sa tun daga bakin ƙofa zan ce maka ka juya tsarin. Fara tambayar wace irin reza abin yake ci. Daga nan ka duba ko za a iya gane lokacin da aka ƙera shi. Sai ka tabbatar kayan cikin 'yan gida ɗaya ne, ba haɗin gambiza ba. Kyan akwati ya jira, shi ne na huɗu.

Kada kalmomin su rikita mu. Idan na ce reza, ina nufin siririn ƙarfen nan mai kaifi da muke saya a wurin mai tebur. Idan na ce abin aski, ina nufin uwar da ake ɗaura rezar a kanta, mai kai da mariƙi, da makarin da ke hana kaifin nutsewa cikin fata. Saitin tafiya kuwa shi ne abin askin tare da gidansa, da ɗan kwanon ajiye reza, wani lokaci har da buroshi da sabulu a cikin bututun ƙarfe, duk an tsara su yadda za su shiga aljihu ko kusurwar jaka.

Irin wannan abin aski ya girmi Gillette, ko da yake mutane da yawa ba su sani ba. 'Yan uwa Kampfe, Jamusawa mazauna birnin New York, sun yi rajistar nasu a 1880, suka sa masa suna Star. Sai dai rezarsu guntun aska ce mai kauri, irin wadda sai an wasa, kamar dai askar wanzami da aka gutsure aka sa mata kariya. Abin da King Camp Gillette ya kawo shi ne rezar da za a yar idan ta dakushe. A 1903 kamfaninsa na Boston abin aski 51 kacal ya sayar da reza 168. Shekara ta zagayo, aka ba shi rajistar ƙirƙirarsa a watan Nuwamban 1904, cinikin abin askin ya haura guda dubu casa'in. Wannan rabuwar hanya, tsakanin rezar da ake wasawa da wadda ake yarwa, ita ce har yau take raba masu tara waɗannan kaya gida biyu, kuma a kanta zaɓinka zai tsaya.

Gillette: wanda ya fi sauƙin karantawa

Idan aka ce in zaɓa wa ɗan koyo saiti ɗaya ba tare da na san halinsa ba, Gillette zan zaɓa, ba don ya fi kowa kyau ba. Dalilin farko shi ne rezar. Abin askin Gillette da aka ƙera kafin Yaƙin Duniya na Farko yana karɓar reza mai baki biyu ta yau, irin Nacet mai hoton kada da kowa ya sani a kasuwanninmu. Tsohuwar rezar asali huji uku gare ta, ta yanzu kuma doguwar tsaga ce a tsakiya, amma an yanka tsagar yadda za ta zauna a kan tsofaffin fegin. Ke nan abin da ya haura shekara ɗari kana iya wanke shi yau ka yi aski da shi gobe, ba ka jira wani saƙo daga ƙetare ba.

Saitin tafiyarsa iri-iri ne, amma uku ne za ka fi cin karo da su.

Na farko shi ne Pocket Edition, wanda ya fito wajen 1909: ɗan akwatin ƙarfe faffaɗa da bai wuce tafin hannu ba, mai ruwan azurfa ko na zinariya, wani sumul, wani an buga masa zane irin na saƙar kwando ko furanni. A ciki abin askin yana kwance a warware, kai daban mariƙi daban, da kwanon reza a gefe. Kan yana da haƙora kamar mataji, shi ne wanda masu tarawa ke kira Old Type. Askinsa yana da ɗan zafi, ba ya yafe wa mai gaggawa. Babban aibinsa kuwa a mariƙi yake. Bututu ne na tagulla da aka cusa masa toshiya sama da ƙasa da ƙarfin inji, to shekaru suna tafiya sai bututun ya tsage daga baki, siririyar tsaga kamar gashi. Da wuya ka ga guda goma ba ka samu masu tsaga a ciki ba. Ƙaramar tsaga ba ta hana aiki, amma tana rage daraja, kuma dillalin da ya san abin da yake yi yakan juya wannan gefen ƙasa kafin ya ɗauki hoto. Ka nemi hoton mariƙin ta kowane ɓangare. In ya yi ta kewaye-kewaye, ka san akwai magana. Ka kuma dubi haƙoran kusurwa huɗun nan, domin su ne ke lanƙwashewa idan abin ya taɓa faɗuwa ƙasa.

Na biyu shi ne saitin soja. Da Amurka ta shiga yaƙi a 1917, takunkumin kariya daga iskar guba ba ya zama daidai a fuska mai gemu, aski ya zama dole ga kowane soja. Gillette ya samar wa rundunar abin aski kimanin miliyan uku da rabi da reza kimanin miliyan 32. Saitin da aka fi sani shi ne mai gidan yadin kaki, da madubin ƙarfe a aljihun murfi, wasu ɗauke da rubutun da ke nuna mallakar rundunar sojan Amurka ne. Tunda an yi su da yawa haka, ba su da wuyar samu. Abin da ke da wuya shi ne cikakke: madubin yakan ɓace, yadin yakan ci tabo, maɓallin yakan cire. A nan ne dillalai suka fi cin kasuwa da labari. Kowane saiti sai an ce na wani jarumi ne da ya yi yaƙi a Faransa. Idan babu suna ko lambar soja a rubuce a jikin yadin, ko takardar da ta zo tare da shi, to labarin kyauta ne, kada ka biya kuɗinsa.

A 1921 wa'adin rajistar Gillette ya ƙare, kowa ya samu damar kwaikwayo. Kamfanin ya fito da sabon kai mai suna New Improved a farashin dala biyar, ya karya farashin tsohon zuwa dala ɗaya. A wannan zamani ne aka yi saitin tafiya mafi ƙawa: Tuckaway mai gajeren mariƙi da ɗan mitsitsin akwati, da Traveler mai bututun buroshi da na sabulu. Waɗannan su ne nake kira kayan mai kuɗi. In ka samu cikakke mai lafiya, za ka biya, amma za ka san me ka biya.

Na uku shi ne Tech na tafiya, kuma shi ne mafi araha. Tech ya fito ne a ƙarshen shekarun 1930, ba shi da haƙora, sandar kariya ce miƙaƙƙa, askinsa mai taushi ne ƙwarai. Na tafiyar gajeren mariƙi gare shi, bai fi tsawon ɗan yatsa ba, kuma a shekarun 1950 da 1960 an zuba shi cikin jakunkunan fata masu zif ba iyaka. Ka lura da wannan: yawancin jakunkunan ba Gillette ya ɗinka su ba. Wasu kamfanoni ne ke sayen abin askin su haɗa shi da tsefe da abin yanke farce da kwalabe, shi ya sa za ka ga jaka ta ce Jamus ko Ostiriya, abin askin cikinta ya ce Amurka ko Ingila. Wannan ba ha'inci ba ne, haka aka sayar da su tun farko. Tech na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma yakan zo da mariƙin baƙar roba mai tauri da kan baƙin ƙarfe, saboda tagulla ta tafi ƙera harsashi. Kusanta maganaɗisu: tagulla ba ta amsawa, baƙin ƙarfe yana kamawa.

Dalili na biyu da ya sa nake fifita Gillette shi ne yana faɗin shekarunsa da bakinsa. Daga 1904 har cikin shekarun 1920 ana buga wa masu tsada lamba bi da bi, a jikin mariƙi ko a kan farantin haƙora, kuma masu tarawa sun daɗe da jera waɗannan lambobi shekara-shekara. Old Type da ba shi da lamba ko kaɗan, galibi na bayan 1921 ne, cikin masu dala ɗaya. Tambarin nan mai siffar lu'ulu'u da kibiya ta ratsa sunan ya fara ne a 1908, don haka akwatin da ke ɗauke da shi ba zai zama na 1905 ba, ko wane ne ya rantse. Daga 1930 zuwa 1950 babu lamba, sai dai a yi hukunci da siffar kai da mariƙi. Daga 1951 kuma abin ya zama kamar karatun allo: juya kan, a ƙasansa za ka ga harafi a gefe guda, lamba a ɗaya gefen. Harafin shekara ne, lambar kuma wata uku-uku na shekarar. W ita ce 1951, X 1952, Y 1953, Z 1954, sai aka koma A a 1955, B 1956, haka har gaba. Wanda aka buga wa F da 2, an ƙera shi tsakanin Afrilu da Yunin 1960. Akwai masu neman na shekarar haihuwarsu ko ta mahaifinsu, kuma ban ga laifinsu ba. Sai dai wannan tsari ya fi tabbata a kan ƙirar Amurka. Na Ingila, waɗanda aka ƙera a masana'antar kamfanin da ke yammacin Landan, da yawansu ba su da harafin, ga shi kuwa wasunsu sun fi na Amurka nauyi da kyan ruwa.

Rolls Razor: inji a cikin akwati

Rolls daban yake da kowa, kuma shi ne ya fi saurin sace zuciya. Kamfanin Ingila ne, masana'antarsa a unguwar Cricklewood ta Landan, ya yi tashe daga ƙarshen shekarun 1920 zuwa shekarun 1950. Ba shi da wata dangantaka da masu ƙera motar nan ta alfarma, sunan ne kawai ya yi kama, kuma na tabbata kamar ba ta yi musu zafi ba. Akwatin doguwa ce ta ƙarfe, da zanen kwana-kwana irin na Girkawa a murfi. Murfi biyu gare ta, sama da ƙasa. Cikin ɗaya dutsen washi ne mai ruwan toka, cikin ɗayan jar fata ce ta goge kaifi. Rezar guda ɗaya ce tak, guntun aska mai kwarmi na ƙarfen Sheffield, tana zaune a kan wani hannu da ke tafiya bisa layin haƙora. Ka cire murfi ɗaya, ka ja hannun gaba da baya, rezar tana juyawa da kanta tana mari fatar, ƙwas, ƙwas, ƙwas, har maƙwabcin ɗaki ya san ka tashi. Ka gama, ka zare ta, ka zura mata ɗan mariƙinta da ke ɓoye a cikin akwatin.

A tunanin matafiyin wancan zamani wannan babbar dabara ce. Ma'aikacin da aka tura wani lungu na duniya inda babu kanti, ba ya bukatar sayen reza har ya dawo. Samfurin da ya fi yawa shi ne Imperial No. 2 mai ruwan nikel, sai kuma Viscount. An yi su da yawan gaske, har yanzu suna cike da kasuwannin gwanjon Ingila, farashinsu kuma bai kai kwarjininsu ba.

To ina matsalar? Dutsen. Siriri ne, an manne shi a murfin ƙarfe, faɗuwa ɗaya ta ishe shi. Rolls ɗina na farko daga hannun wani dillali na saye shi ta intanet, hotuna shida, duk na waje da na jar fatar, babu na dutsen ko ɗaya. Ban tambaya ba, ƙyallin ya rufe mini ido. Da ya iso na buɗe, dutsen ya rabe biyu kamar an sa wuƙa. Dutse mai tsaga kuwa yana cin bakin reza maimakon ya gyara shi, kuma babu inda ake ƙera sabo. Dole sai ka sayi wani Rolls ɗin don ka ciri murfinsa, ka ga an koma sayen doki saboda linzami. Bayan dutse, ka tabbatar mariƙin yana nan, domin shi ne abin da ya fi ɓacewa, kuma in babu shi akwatin ado ce kawai. Ka dubi bakin rezar da kyau: tsatsa a gadon baya ana gogewa, amma tsatsar da ta ci baki ta yi ramuka ta gama da ita. Fatar kuma kada ta zama ta bushe ta farfashe ko an yayyanka ta.

Ko da komai lafiya, kada ka zaci za ka buɗe ka hau aski. Rezar da ta kwana shekara sittin tana bukatar washi na gaske a kan duwatsu masu laushi kafin dutsen cikin akwatin ya iya riƙe mata kaifi. Wanda ya taɓa zama kusa da wanzami ya ga yadda yake lallaɓa askarsa a dutse da fata, ya san aikin ba na gaggawa ba ne. In kana jin daɗin irin wannan, Rolls zai biya ka. In kuwa so kake ka yi aski cikin minti biyar ka fita, zai zauna a kan kanta yana ƙyalli, shi ke nan. Nauyinsa ma abin dubawa ne: kuɗin aiko shi daga Ingila yakan kai kuɗin sayensa, wani lokaci ya wuce.

Battar Jamus

Waɗannan su ne ƙananan cikinsu, kuma ni ina da rauni a kansu. 'Yar batta ce ta ƙarfe mai ruwan nikel, girmanta kamar kwalin ashana, cikinta shimfiɗe da karan-miski ja ko shuɗi. Abin askin gida huɗu ne: murfin kai, farantin haƙora, da mariƙi mai gaɓa biyu, ɗaya tana shigewa cikin ɗaya. Ka haɗa su ka samu cikakken abin aski, ka warware su su koma cikin batta su shige aljihun agogo. Suna cin reza mai baki biyu ta yau, wannan ya sa sun yi kunnen doki da Gillette wajen amfani.

Inda suka gaza shi ne asali. Masana'antu da yawa ne suka yi su, musamman a garin Solingen da aka sani da wuƙaƙe, kuma mafi yawansu ba su sa suna ba. Wasu ma an buga musu sunan otal ko na wani kamfani da ya raba su kyauta don talla. Amma rubutun jikinsu yana ba da haske. Haruffan D.R.G.M. alamar rajistar ƙira ce ta Jamus da aka fara a 1891, aka ci gaba da amfani da ita har ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu da ɗan abin da ya biyo baya. D.B.G.M. ta bayan yaƙi ce, ta zamanin Tarayyar Jamus. Wanda aka rubuta wa U.S. Zone ya fito ne daga shekarun da sojan Amurka ke riƙe da wani yanki na ƙasar bayan 1945. West Germany kuwa tsakanin 1949 da 1990 ne. Ka ga ba shekara suke ba ka ba, zamani suke ba ka, wani lokaci mai faɗin shekara arba'in.

Ingancinsu ma ba ɗaya ba ne. Akwai na tagulla mai nauyi, akwai na gwangwani da kan ba ya riƙe reza a miƙe, baki ɗaya ya fi ɗaya leƙowa, kuma irin wannan shi ke yanka mutum. Akwai kuma na wani haɗin ƙarfe mai tutiya, wanda in ruwansa ya ɓare yake kumbura ya yi ƙuraje, daga baya ya ruɓe, noti ya karye a ciki. Ba a gyara shi. In ka ga ƙuraje a ƙarƙashin ruwan, wuce. Wani tarko kuma: kamfanin Merkur na Solingen har yau yana ƙera abin askin tafiya mai wannan siffa, sabo fil a jakar fata. Abu ne mai kyau, amma ba kayan da ba ne, kuma na sha ganin an goga masa tsufa a bakin talla.

Sauran, a gurguje

Valet AutoStrop na kamfanin Henry Gaisman yana da dabara mai ban sha'awa: ana zura doguwar fata ta cikin kan, a ja shi gaba da baya, rezar tana juyawa tana goguwa ba tare da an cire ta ba. Kamfanin ya haɗe da Gillette a 1930. Saitinsa yana da araha, yana da kyau, amma fatar kusan kullum ta bushe, kuma rezarsa ta musamman ce. Kamfanin Feather na Japan yana yin wadda ke shiga wasu samfuran, sai dai ba za ka same ta a Kantin Kwari ko Sabon Gari ba. Gem da Ever-Ready, musamman samfurin da ake kira 1912, suna cin reza mai baki ɗaya mai ƙarfe a gadon baya. Ana yin ta har yanzu, amma ka kiyayi wadda ake sayarwa don kankare fenti, siffarsu ɗaya, aikinsu daban, fuskarka za ta gaya maka. Schick na farko, wanda Kanar Jacob Schick ya fitar a 1926 bisa dabarar bindiga mai ɗura kanta, kamar alƙalami yake, rezoji na jere a cikin mariƙi, kai yana naɗewa a rufe shi da murfi. A wajen tafiya babu wanda ya kai shi wayo, a wajen gyara babu wanda ya kai shi taurin kai. Star na 'yan Kampfe da saitin Wilkinson mai reza bakwai, kowace da sunan ranarta, waɗannan na wanda ya riga ya yi nisa ne. Ba da su ake fara koyo ba.

Haɗin gambiza

Duk wanda ka zaɓa, wannan ita ce jarrabawar da ta fi kowace. Zaren notin Gillette iri ɗaya ne tsawon shekaru masu yawa, har wasu kamfanoni suka bi shi, don haka kan 1915 yana ɗauruwa a mariƙin 1955 lafiya lau. Wani lokaci ba ma da mugun nufi ba ne: mai abin ne tun a zamaninsa mariƙinsa ya tsage ya sauya. Amma saitin da aka haɗa daga gida uku ba ya da darajar wanda ya taso tare.

Abin da nake dubawa shi ne launi da kwanciya. In akwati mai ruwan zinariya ce, abin askin da kwanon reza su ma su zama na zinariya, kuma tsufansu ya yi daidai, ba ɗaya yana walƙiya ɗaya ya dushe ba. Sai karan-miskin: abin da ya kwanta a wuri ɗaya shekara tamanin yana barin sawunsa, kamar yadda gado ke barin sawu a daɓe. Ɗaga abin askin ka duba. In sawun na dogon mariƙi ne, wanda ke ciki kuma gajere, to baƙo ne. Murfin ya rufu ba tare da an danna ba. Ƙasar da aka rubuta a akwati ta dace da ta jikin kai, ban da jakunkunan zif da na ambata. In an ce maka kwalabe ko bututun azurfa ne tsantsa na Ingila, nemi hatiminsu: ɗan zaki mai tafiya shi ne shaidar azurfa, anka alamar Birmingham, kan damisa alamar Landan, da harafin shekara a gefe. EPNS kuwa ruwan azurfa ne kawai a kan wani ƙarfe. Farin akwatin da ake cewa na hauren giwa, galibi roba ce ta da mai kwaikwayon haure, kuma gara haka, domin haure na gaske an hana cinikinsa tsakanin ƙasashe, kwastan na iya riƙe shi. Ita wannan robar kuma in ta fara lalacewa tana fitar da wani tururi mai sa ƙarfen kusa da ita tsatsa, sai a raba musu wurin kwana.

Kafin ya taɓa fuskarka

Ruwan ɗumi, sabulun wanke kwano, da tsohon buroshin haƙori mai laushi sun isa, sai a tsoma kan cikin sifirit a bar shi ya bushe. Kada bilic ya kusance shi. Ruwan zinariyar Gillette siriri ne ƙwarai, man goge ƙarfe yana cinye shi cikin minti ɗaya ya bar maka tagulla tsirara. Tsofaffin rezojin da ke naɗe cikin takardarsu ka bar su a matsayin ado, suna ƙara wa saitin daraja, amma ba a aski da su. Buroshin da ya zo a cikin saitin kafin 1930 shi ma ado ne: a zamanin Yaƙin Duniya na Farko an samu mutane a Amurka da Ingila da suka kamu da cutar antaraks, wadda makiyaya suka sani a jikin dabbobi, ta hanyar buroshin gashin doki da ba a tsabtace ba. Haɗarin a yau kaɗan ne, amma sabon buroshi ba shi da tsada. A yanayinmu kuma, hunturu yana busar da fata har ta tsage, damina tana sa karan-miski fumfuna, don haka ɗan man fata sau ɗaya a shekara da wuri mai iska sun fi kabad ɗin da ke rufe ruf. In za ka hau jirgi da shi, cire rezar ka sa ta a babbar jaka, in ba haka ba za a karɓe ta a wurin bincike, wani jami'in ma har da uwar.

To wanne?

In so kake ka riƙa aski da shi a kan hanya, Kano zuwa Abuja ko zuwa Umara, sayi Tech na tafiya mai harafin shekara. Yana da araha, ba ya tsagewa, rezarsa tana kowane lungu, in ya ɓace a masauki ba za ka yi makoki ba. In tarihi kake so a tafin hannunka, kuma kana son abin da za ka iya kafa hujja da shekarunsa, nemi Pocket Edition mai lamba, ko saitin kaki mai madubinsa, ka yi haƙuri har ka samu mai lafiyayyen mariƙi, ko da za ka jira wata shida. In kai mai son kwance inji ne ka ɗaura, wanda washin wuƙa ba ya gundurarsa, Rolls naka ne, bisa sharaɗin ka ga hoton dutsen a fili, cikin haske, daga kusurwa zuwa kusurwa. Battar Jamus kuwa kada ta zama ta farko. Ka bari sai idonka ya saba da bambancin tagulla da gwangwani, sannan ka saye ta da arha, don sha'awa, ba don wani dillali ya ce ta wani hafsan Jamus ce ba.

Ni da zan sake farawa yau da kuɗin saiti ɗaya, Pocket Edition mai ruwan azurfa zan nema, sumul marar zane, domin masu zanen sun fi tsada kuma kan nasu ɗaya ne. Saƙon farko da zan aika wa mai shi kuwa ba na farashi ba ne: ya kwance mariƙin, ya ɗora shi a kan farar takarda, ya ɗauko mini bakinsa na sama da na ƙasa, sannan ya karanto mini lambar da ke jiki.